Charlie Chaplin: Ranar da mai barkwanci ya goge kwalliyarsa

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da shi: ɗan gajeren mutum mai guntun gashin baki, da 'yar hula, da burgujejen wando, da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa, yana tafiya kamar agwagwa. Ba ya cewa uffan, amma sai ka yi dariya har da ƙwalla. Rannan a wani shagon cajin waya a nan Dutse na tarar da samari sun yi dafifi kan waya ɗaya suna kallonsa. Da na nuna musu hotonsa na tsufa, kai fari fat, wallahi babu wanda ya gane shi.

An haifi Charlie Chaplin a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa duka mawaƙan dandali ne. Uban giya ta cinye shi, ya mutu a 1901 bai kai shekara 40 ba. Uwar, Hannah, ta yi fama da taɓin hankali. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta. Jarinsa ɗaya ne a duniya, wato jikinsa: rawa, tuntsurawa, faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Da wannan jarin ya shiga ƙungiyar wasan Fred Karno, ita ta kai shi Amurka, kuma a 1914 ya fara saka kayan nan da duniya ta san shi da su.

To, matsalar mai sana'a da jiki ita ce jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Modern Times na 1936 ya yi wa ɗan yawon nan mai sanda fitowar ƙarshe, yana da shekara 46. Finafinai sun riga sun koma masu magana, shi kuma gashi ya yi furfura.

A ganina fim ɗinsa mafi nauyi shi ne Limelight na 1952, kodayake ba shi ake yanka ana yaɗawa ba. Yana da shekara 63 ya fito da ainihin fuskarsa, babu gashin bakin nan, a matsayin Calvero, tsohon mai barkwanci da tauraronsa ya dushe, ya koma shaye-shaye. Akwai wurin da 'yan kallo suka watse suka bar shi, ya koma ɗaki ya zauna gaban madubi yana goge kwalliya a hankali, har tsohon da ke ƙarƙashi ya bayyana. Mu nan a lokacin tashe yara ne ke manna gemun auduga su duƙa kamar tsofaffi don a yi dariya. Shi tsufan gaske ya nuna, kuma ba don dariya ba. Ku lura da wani abu: ya ajiye labarin a Landan ta 1914, shekarar da shi kansa ya fara haskawa. Ya kuma gayyato Buster Keaton, babban takwaransa na zamanin finafinan shiru wanda a lokacin duniya ta juya wa baya, suka yi wasa tare su biyu, dattawa.

Wannan ya sa ni tuna marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Ya rasu a Disambar 2014 da sauran ƙarfinsa, don haka ba mu ga yadda barkwancinsa zai kasance da furfura ba.

Abin da Chaplin ya ji tsoro a fim sai ya same shi ta wata hanya. A Satumbar 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don buɗe fim ɗin, Amurka ta soke izininsa na komawa, bisa zargin yana da ra'ayin kwaminisanci. Ya tare a Suwizalan da iyalinsa. Sai bayan shekara 20, a 1972, ya sake taka Amurka don karɓar kyautar girmamawa ta Oscar. Tsoho tukuf mai shekara 82, murya na rawa, aka miƙe ana tafa masa na tsawon minti 12, sannan aka miƙo masa hula da sanda.

A 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir, a kan keken guragu ya karɓa. Ya mutu cikin barci ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.