Walter Reuther, Maƙerin da Ya Ja da Sarakunan Motocin Amurka

Ranar 26 ga watan Mayun 1937, wasu ƙartin da kamfanin Ford ya ɗauka aikin tsaro suka yi wa Walter Reuther jina-jina a kan wata gada da ke ƙofar masana'antar River Rouge, kusa da birnin Detroit. Laifinsa shi ne ya je raba takardun kiran ma'aikata su shiga ƙungiya. Da yake masu ɗaukar hoton jaridu suna wurin, sai reshe ya juye da mujiya. A 1941 Ford ya amince da ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW.

An haifi Reuther a 1907 a garin Wheeling na jihar West Virginia, ɗa ga wani Bajamushe ɗan ƙwadago. Ya koyi ƙirar kayan aikin injuna, ya yi aiki a Ford, sannan shi da ƙanensa Victor suka yi kusan shekara biyu a masana'antar motoci ta Gorky a Tarayyar Sobiyet. Daga baya kuwa shi ne ya kakkaɓe 'yan kwaminis daga shugabancin UAW.

A yajin aikin kwana 113 da ya jagoranta a General Motors daga 1945 zuwa 1946, ya nemi ƙarin albashi na kashi 30 cikin 100 ba tare da an ƙara kuɗin mota ba, ya kuma ce kamfanin ya buɗe littattafan kuɗinsa kowa ya gani. Kamfanin ya ƙi. A 1946 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar, a 1948 kuma aka harbe shi a cikin gidansa, hannunsa na dama ya naƙasa.

Yarjejeniyar da ya ƙulla da General Motors a 1950 ita ce ake ta taƙaddama a kanta har yau. Ma'aikata sun samu fansho da inshorar lafiya da albashin da ke tafiya da tsadar rayuwa, suka kuma yi alkawarin shekara biyar ba babban yajin aiki. Amma sun bar wa kamfani ikon yanke shawara kan irin motar da za a ƙera. Masu sukarsa na cewa waɗannan nauye-nauye ne suka hana Detroit gogayya da Toyota da Honda, har General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009. Sai dai wannan rabin labarin ne, domin Reuther ya so gwamnati ce ta ɗauki nauyin lafiyar jama'a, ya kuma nemi a ƙera ƙananan motoci masu araha, kamfanonin suka yi kunnen uwar shegu har tsadar man fetur ta 1973 ta riske su.

Bai ga wannan rana ba. Ya mutu tare da matarsa May a hatsarin jirgin sama a jihar Michigan ranar 9 ga watan Mayun 1970.

Ko a Kaduna, inda Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, faɗuwar naira bayan 1986 da kwararowar motocin Kwatano sun fi albashi yi wa masana'antar illa. A Dubai kuwa, inda dillalan Afirka ke saro motoci a kasuwar Al Aweer, doka ba ta yarda da ƙungiyoyin ƙwadago ba, kuma titunanta cike suke da motocin Japan.