André Citroën: Attajirin da motocinsa suka ratsa Damagaram a 1924

Duk wanda ya taɓa lura da wani tambari a goshin mota mai kama da kan kibiya biyu, ɗaya bisa ɗaya, to ya ga alamar kamfanin Citroën na ƙasar Faransa. A Turai akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin motoci, musamman na tsere, suna gyara su suna bin diddigin tarihinsu, kuma da wuya su zauna hira ba a ambaci sunan mai wannan tambari ba. Mu ma a nan Nijar muna da rabo a cikin labarin, domin fiye da shekara ɗari ke nan da motocinsa suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram. Saboda haka a yau filin namu zai duba rayuwar wannan bawan Allah, yadda ya samu da kuma yadda ya rasa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi André Citroën a birnin Paris ranar 5 ga Fabrairun 1878, kuma shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa Bayahude ne mai fataucin lu'ulu'u wanda ya taso daga Amsterdam ta ƙasar Holan, mahaifiyarsa kuwa ƴar birnin Warsaw ce ta ƙasar Folan. Sunan gidan nasu ya samo asali ne daga kalmar lemun tsami a harshen mutanen Holan, domin wani kakansu sana'arsa ke nan. André yana da shekara shida a duniya mahaifinsa ya kashe kansa, bayan da ya tafka asara a harkar lu'ulu'u. Haka yaron ya tashi maraya a hannun uwa, amma Allah ya yi masa kaifin basira, har a 1898 ya samu shiga Polytechnique, babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa.

A shekarar 1900 ya kai ziyara wajen dangin mahaifiyarsa a Folan, inda ya ga wani irin faifai mai haƙora da ake juya injuna da shi. Haƙoran ba a miƙe suke ba, an yanka su ne kamar kan kibiya, abin da ya sa suke ɗaukar nauyi sosai ba tare da yawan ƙara ba. Nan take ya sayi haƙƙin wannan fasaha, ya koma gida ya kafa masana'antar ƙera irinsu da ƙarfe. Siffar waɗannan haƙora ita ce tambarin da muke gani a motocin har gobe.

Shigarsa gidan motocin tsere

A wancan zamani, kamfanin da ke son a san motarsa sai ya shiga tsere, kuma a kan hanyar da kowa ke bi ake yin sa, daga wannan birni zuwa wancan. A 1895 Émile Levassor ya tashi daga Paris ya je Bordeaux ya dawo, tafiyar kusan kilomita 1,200, cikin kusan awa 49, wato kimanin kilomita 24 a awa guda, kuma duniya ta yi ta mamaki. Shekara takwas kacal bayan haka, a tseren Paris zuwa Madrid na 1903, Fernand Gabriel ya yi gudun kilomita 105 a awa cikin motar kamfanin Mors. Sai dai wannan tsere ya zo da tsautsayi, domin direbobi da ƴan kallo sun mutu, ciki har da Marcel Renault, ɗan'uwan Louis Renault mai kamfanin Renault, har hukuma ta tsayar da shi a Bordeaux.

Wannan kamfani na Mors, duk da sunan da ya yi a fagen tsere, ya wayi gari cikin bashi, domin motocinsa na masu hannu da shuni ne kuma kaɗan ake saye. A 1908 aka kira Citroën ya zo ya ceto shi, kuma cikin ƴan shekaru ya ninka yawan motocin da ake ƙerawa kusan sau goma. A nan ya gane cewa kofi a kan tebur ba ya biyan albashin ma'aikata. A nan ne kuma ya yi aiki tare da Georges-Marie Haardt, wanda ya zama na hannun damansa har mutuwa ta raba. A 1912 ya je Amurka ya ga yadda Henry Ford ke ƙera motoci masu yawa a farashi mai sauƙi, abin da ya zauna masa a rai.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 aka ɗauke shi soja, kuma a shekarar ce aka kashe wansa Bernard a fagen fama. Ganin yadda sojojin Faransa ke fama da ƙarancin harsasan igwa, sai ya nemi gwamnati ta ba shi dama. A 1915 ya gina masana'anta a unguwar Javel da ke bakin kogin Seine, inda ya ƙera harsasai sama da miliyan 20 kafin yaƙin ya ƙare, kuma akasarin ma'aikatansa mata ne. Bayan yaƙi ya mayar da wurin gidan ƙera motoci. A 1919 ya fito da motarsa ta farko, Type A, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a Turai da aka ƙera da yawa bisa tsarin Amurkawa.

Sahara ta zama fagen tsere

Citroën bai damu da tseren da'ira ba, amma gwani ne wajen talla. A 1922 ya sa jirgin sama ya rubuta sunansa da hayaƙi a sararin Paris, sa'annan daga 1925 zuwa 1934 sunan nasa ya riƙa haskawa a jikin hasumiyar Eiffel da ƙwan lantarki dubu 250. Babbar tallarsa kuwa ita ce ya aika motocinsa inda ake ganin mota ba za ta iya zuwa ba.

Abin da ya ba shi wannan ƙarfin gwiwa shi ne fasahar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin Sarkin Rasha Nicholas na Biyu. Don motar sarki ta iya tafiya bisa ƙanƙara, Kégresse ya cire ƙafafun baya ya sa mata sarƙar roba irin ta katafila, ya bar tayoyi a gaba. Abin da ya hana mota nutsewa a ƙanƙara shi ne zai hana ta kafewa a rairayi. Ranar 17 ga Disamban 1922 irin waɗannan motoci guda biyar suka tashi daga Touggourt ta Aljeriya ƙarƙashin jagorancin Haardt da wani tsohon hafsan soja, Louis Audouin-Dubreuil. Ranar 7 ga Janairun 1923 suka shiga Tumbutu, bayan tafiyar kilomita sama da 3,000, wadda ayarin raƙuma kan shafe watanni yana yi. Wannan ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara. Shi kansa Citroën da uwargidansa sun je har kusa da In Salah sun tarye su a hanyarsu ta komawa.

Louis Renault bai zuba ido ba. Ya ƙera motoci masu ƙafa shida, kuma a cikin 1924 ayarin Gaston Gradis ya ƙetare hamada da su har bakin kogin Kwara. Daga nan Sahara ta zama fagen tsere tsakanin attajiran biyu, kowa na son nuna wa gwamnatin Faransa cewa motarsa ce za ta haɗa mata ƙasashen da ta mallaka.

Zuwansu Damagaram

Ranar 28 ga Oktoban 1924 motoci takwas na Citroën suka bar Colomb-Béchar, kowace tana jan ƙaramar tirela ta kaya, a tafiyar da aka sani da sunan Croisière Noire. Haardt da Audouin-Dubreuil ne suka sake jan ragama, tare da mai shirya fim Léon Poirier da wani mai zane ɗan Rasha, Alexandre Iacovleff. Sun sauko bakin kogi a Bourem ta ƙasar Mali, suka biyo shi zuwa Yamai, daga nan suka yi gabas ta Doso. A Tasawa Sarki Barmu ya karɓe su, har suka ɗauki fim a cikin fadarsa. A watan Disamba suka iso Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin Nijar, domin sai a 1926 Turawa suka mayar da hedkwata Yamai. Barma Mustafa ne ke bisa gadon sarauta a lokacin. Daga nan suka nufi N'Gigmi da tafkin Chadi, suka wuce Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, sai Bangi da Kwango. A gabashin Afirka suka rabu gida huɗu, kafin su sake haɗuwa a tsibirin Madagaska, inda tafiyar ta ƙare ranar 26 ga Yunin 1925.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa waɗannan motoci ba da ƙarfin injinsu kaɗai suka yi tafiyar ba. Tun kafin su taso an riga an jibge masu mai da abinci da kayan gyara a zango-zango, kuma raƙuma da kawunan mutane ne suka kai kayan wurare da dama. A dajin Kwango dubban talakawa hukumar mulkin mallaka ta Beljiyam ta fitar suka sare masu hanya. An san sunan kowane Bature da ke cikin ayarin, har da laƙabin kowace mota, amma waɗanda suka yi dakon sun tafi ba suna. Ayarin ya koma Faransa da fim mai tsawon kilomita 27 da dubban hotuna da zane-zane, kuma a 1926 aka fara nuna fim ɗin a Paris.

Shi dai Citroën bai zo da kansa ba, yana can yana shirya wani babban buri, wato ɗaukar ƴan yawon buɗe ido daga Aljeriya zuwa Tumbutu. Har ya gina masaukai a hanya, ya gayyaci Sarkin Beljiyam Albert na Ɗaya zuwa bikin buɗewa. A farkon Janairun 1925, ana saura kwanaki kaɗan a tashi, hukumomi suka yi gargaɗi cewa hanyar ba ta da tsaro, sai ya soke shirin baki ɗaya, ya yi asarar miliyoyin faran.

Ɗaukaka da karyewa

A 1929 kamfanin ya ƙera motoci sama da dubu 100, kuma babu kamarsa a Turai. A 1931 ya sake aika Haardt, wannan karon daga Beirut zuwa Beijing ta ƙasar Sin, inda suka isa a Fabrairun 1932. Sai dai Haardt bai dawo ba, domin ciwon huhu ya kashe shi a Hong Kong ranar 16 ga Maris na shekarar. Da rasuwarsa Citroën ya rasa aminin da ke iya taka masa birki. A 1933 wata ƙaramar motarsa da ake kira Petite Rosalie ta yi ta zagaya filin tseren Montlhéry dare da rana har kwana 134, inda ta ci kilomita dubu 300, abin da ya ƙara wa sunansa daraja.

To amma a bayan wannan suna akwai bashi. Citroën mutum ne mai son caca, an san shi a gidajen cacar Deauville, kuma yadda yake zuba kuɗi a can haka yake zuba su a kasuwanci. A daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ciniki ya ja baya, shi kuwa sai ya rushe masana'antar Javel a 1933 ya sake gina ta cikin ƴan watanni, don kada ta Renault ta fi tasa. Bugu da ƙari ya zuba abin da ya rage a kan wata sabuwar mota, Traction Avant, wadda ƙafafun gaba ne ke jan ta, saɓanin yawancin motocin zamanin. An fito da ita a gaggauce a watan Afrilun 1934, tun ba a gama gyara kurakuranta ba. Masu bin bashi suka ƙi ƙara haƙuri, kuma a Disamban 1934 kotu ta yanke hukuncin cewa kamfanin ya karye. Kamfanin taya na Michelin, wanda ya fi kowa bin sa kuɗi, shi ya karɓi ragama, aka kuma raba Citroën da gidan da ya gina.

Bai daɗe ba bayan haka. Ciwon dajin ciki ya kwantar da shi, ya mutu a Paris ranar 3 ga Yulin 1935 yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse. Abin tausayin shi ne motar da ta karya shi ita ce ta tayar da kamfanin, domin an ci gaba da ƙera ta har 1957, an sayar da kusan dubu 760. Ya yi shuka, wasu suka girbe.

Abin da ya bari

A yau inda masana'antar Javel take an mayar da shi lambun shaƙatawa mai ɗauke da sunansa. Motar da Haardt ya shiga Tumbutu da ita, Scarabée d'Or, kamfanin ya adana ta, kuma a 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari, ɗaliban koyon injiniya suka ƙera wata irinta sak. Ta Audouin-Dubreuil, Croissant d'Argent, tana gidan adana kayan tarihi na garinsu, Saint-Jean-d'Angély. Hotunan sarakunanmu da dawakinsu da kasuwanninmu na 1924 su ma suna can a killace.

Abin tambaya shi ne, mu me muka adana? Waɗanda suka ga shigowar motocin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, amma a Tasawa da Birnin Damagaram da garuruwan da ke kan hanyar N'Gigmi ba za a rasa dattijon da ya ji labarin daga bakin mahaifinsa ko kakarsa ba. Mu ma nan Mallawa da Magarya da Dungas, kowane gari yana da labarin ranar da mota ta fara shigarsa, da wanda ya fara sayenta, da direban da ya fara bin hanyar Kano. Kira nake ga abokan aikina na gidajen rediyo da malaman makaranta, mu ɗauki rakoda mu je wajen dattawan nan tun suna raye. In ba haka ba, duk mai son sanin yadda mota ta zo ƙasarmu sai dai ya ji daga ɓangare guda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.