Tarihin Archie Cochrane

An haifi Archie Cochrane ne a shekarar 1909 a garin Galashiels da ke yankin Scotland na Birtaniya.

A 1941 sojojin Jamus sun kama shi a tsibirin Crete, kuma ya zama likitan 'yan'uwansa fursunonin yaƙi. A tsare ne ya lura cewa ba shi da hujjar ko maganin da yake bayarwa yana warkarwa ko yana cutarwa.

A 1979 ya soki likitoci saboda gaza tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna wuri guda da sabunta shi lokaci-lokaci.

Ya rasu a 1988. A 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane, wadda ke gudanar da wannan aiki har yau.