Latreille, Malamin da Ƙwaro ya Fid da Shi daga Kurkuku

Ran nan bayan ruwa ya ɗauke na fita da ɗalibanmu zuwa rafi a gindin Matsirga, domin mu nemi abin da za mu yi darasin ilmin halitta da shi. Wani ya ɗaga dutse, sai ga ƙaguwa ta fito tana gudu a karkace. Da muka kama ta na tambaye su, shin wannan kifi ce ko ƙwaro? Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce kifi ce tun da a ruwa take, waɗansu suka ce ƙwaro ce tun da ba ta da ƙashi a ciki. Na ce musu wannan gardama ta girme mu duka, kuma na yi alkawari zan rubuta labarin mutumin da ya yi aiki mafi yawa wajen warware ta. To, ga cikon alkawari.

Sunansa Pierre André Latreille, mutumin Faransa ne. An haife shi a wani gari da ake kira Brive cikin 1762. Ubansa babban hafsan soja ne mai sarauta, amma bai karɓe shi a matsayin ɗa ba, uwarsa kuwa ta yar da shi tun yana jariri. Ko sunan nan Latreille hukuma ba ta tabbatar masa da shi ba sai 1813, yana da shekara hamsin. Duk da haka ya sami masu taimako, ya yi karatu a Brive da birnin Faris, sa'an nan ya shiga makarantar horon limaman Kirista a Limoges, ya fita cikin 1786. Amma zuciyarsa tana wajen ƙwari. In ya sami sarari sai ya shiga daji yana kamo su, yana duban bakinsu da ƙafafunsu.

Cikin 1789 aka yi juyin mulki a Faransa. Sabuwar hukuma ta ce kowane limami sai ya yi rantsuwar biyayya gare ta. Latreille bai yi ba, saboda haka aka kama shi cikin 1793, aka kai shi kurkuku a Bordeaux, ana jiran jirgin ruwa da zai kwashe su zuwa wata ƙasa mai nisa. Wata rana likitan kurkuku ya shigo ya tarar da shi durƙushe yana duban wani ɗan ƙwaro a ƙasa. Likita ya yi mamaki, mutumin da ke bakin halaka me zai yi da ƙwaro? Latreille ya gaya masa wannan iri ba a cika samunsa ba. Likita ya ɗauki ƙwaron ya kai wa wani yaro mai kimanin shekara 15, Bory de Saint-Vincent, wanda shi ma mai tara ƙwari ne. Yaron ya riga ya san ayyukan Latreille, sai ya tashi ya yi ta kai da kawowa wurin manya har aka sake shi. Waɗanda aka tsare su tare kuwa, ba a yi wata guda ba duk suka mutu. Sunan ƙwaron Necrobia ruficollis, tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Da ya fito bai koma aikin limanci ba. Cikin 1796 ya buga littafinsa na farko a kan ƙwari da kuɗin aljihunsa. A ciki ya tara jinsuna masu kama da juna ya kira su iyali, wannan tsari har yau ana bin sa. Cikin 1798 aka ɗauke shi aiki a gidan ajiye halittu na Faris, ƙarƙashin wani babban malami, Lamarck, aka ba shi tulin ƙwari da ƙaguwoyi ya shirya.

A nan ne labarin ƙaguwarmu ya shigo. Linnaeus, mutumin Suwidin wanda ya kafa hanyar ba kowace halitta suna biyu, cikin 1758 ya zuba ƙaguwa da kunama da gizo-gizo da ƙuma a kwando ɗaya, watau ƙwari marasa fiffike. Wajen 1800 da 1801 Cuvier da Lamarck suka fitar da ƙaguwa da danginta suka ba su aji nasu, Crustacea, watau masu ɓawo. Amma cikin ajin nan akwai iri-iri da yawa, kuma Latreille ne ya zauna ya rarraba su, cikin littafi mai juzu'i 14 da ya fito daga 1802 zuwa 1805, da waɗansu da suka biyo baya.

Hanyarsa kowa yana iya binta, ko a makarantar ƙauye. Ka ƙidaya ƙafafu. Ƙwaro yana da shida, gizo-gizo da kunama takwas, ƙaguwa goma in an haɗa da hannuwan nan biyu masu cizo. Ka dubi zare-zaren da ke kai, waɗanda suke shafa abu da su. Ƙwaro yana da biyu, masu ɓawo huɗu, gizo-gizo ba shi da ko ɗaya. Masu ƙafa goma ya kira su Decapoda, a nan ƙaguwa take, da jatan lande wanda ake kawo mana busasshe daga kudu ana sayarwa a kasuwar Kafanchan. Waɗanda ƙafafunsu 14 duk kusan iri ɗaya ne ya kira su Isopoda, cikinsu har da 'yan ƙanana masu ruwan toka da ke ɓuya a wuri mai damshi ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, suna zaune a tudu amma dangin ƙaguwa ne. Waɗanda jikinsu ke matse ta gefe, Amphipoda. Waɗanda ke rufe cikin ɗan kwanso mai ɓari biyu, Ostracoda. Waɗanda ke numfashi da ƙafafunsu, Branchiopoda, irin da ke bayyana a kududdufi da damina, ƙwansu ya kwana cikin busasshiyar laka duk rani. Waɗannan sunaye duk nasa ne, kuma suna nan a littattafai har yanzu.

Girma bai zo masa da wuri ba. An sa shi cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1814, amma kujerar farfesa bai same ta ba sai 1830, bayan rasuwar Lamarck, yana da shekara 67, jiki ya riga ya gaji. Cikin 1832 aka kafa ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta Faransa, aka naɗa shi shugabanta. Ya rasu a Faris ran 6 ga Fabrairu 1833. A dutsen kabarinsa an zana hoton ƙwaron nan da ya cece shi.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan ƙidayar ƙafafu gare mu? To, ga misali. Akwai wani rukuni na masu ɓawo da aka ba suna bayansa, Copepoda, ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu a ruwan tafki. Wajen 1870 wani Barashe, Fedchenko, ya gano cewa a cikinsu tsutsar kurkunu take zama kafin ta shiga mutum. Da aka san haka, aka san tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ido yana tare cutar. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da ita a ƙasar nan.

Aikin kuma bai ƙare ba. An san iri fiye da 60,000 na masu ɓawo, ana ta samun sababbi. Cikin 1991 aka bayyana wata ƙaguwar rafi da masana ba su sani ba a da, aka sa mata suna Sudanonautes kagoroensis, watau da sunan Kagoro da ke nan maƙwabtanmu. Binciken ƙwayoyin gado na zamanin nan kuwa ya nuna ƙwari reshe ne da ya tsiro daga cikin masu ɓawo, ashe ɗalibanmu da suka ce ƙaguwa ƙwaro ce ba su yi nisa da gaskiya ba.

'Yan'uwana malaman gobe, da yawanku za a tura ku makarantun da babu madubin ƙara girman abu, babu littafi isasshe. Kada wannan ya sa ku koma karanta wa yara sunaye daga allo. Rafi yana nan, gwangwani yana nan. Ku kamo ƙaguwa da fara da gizo-gizo, ku sa yara su ƙidaya da kansu, su faɗi abin da suka gani. In kun ga yaro ya tsaya yana kallon ƙwaro, kada ku ce wasa yake yi, ku tambaye shi ƙafa nawa ya gani. Allah ya ba mu ikon yin haka, amin.