David Smith, Maƙerin da ya Riƙe Guduma da Na'urar Hoto

A cikin masu fasahar ƙarni na 20 an yi wani Ba'amurke mai suna David Smith, wanda ya ɗauki tarkacen ƙarfe, irin wanda mai karatu ya saba gani jibge a kasuwar Katako ta Yamai, ya haɗa shi da wutar walda, ya mai da shi siffofi waɗanda manyan gidajen ajiyar kayan fasaha ke alfahari da su. Siffofin nan ba gumakan bauta ba ne, ba kuma kayan aiki ba ne, abin kallo ne. Sunansa ma ya dace da shi, domin a Ingilishi ma'anar Smith ita ce maƙeri. Amma bayan ƙira yana da wata sana'a ta biyu wadda ba a cika ambata ba, wato ɗaukar hoton abin da ya ƙera.

An haife shi ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1906 a garin Decatur, cikin jihar Indiyana. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin tarho ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta. Ya ɗan taɓa karatun jami'a bai gama ba. A 1925 ya yi aikin hutu a masana'antar motoci ta Studebaker, a can ne hannunsa ya fara sabawa da ƙarfe da wuta. A lokacin bai ɗauki wannan aiki a bakin komi ba face hanyar samun kuɗi, domin burinsa shi ne ya zama mai zane. Saboda haka a 1926 ya tafi birnin Niyok, ya shiga makarantar zane, ya sadu da Dorothy Dehner, ita ma mai zane, suka yi aure a 1927. Bayan shekara 2 suka sayi wata tsohuwar gona a Bolton Landing, cikin duwatsun arewacin jihar Niyok, kusa da tafkin George.

Hoto ne ya juya rayuwarsa. Wata mujallar fasaha ta Faransa, mai suna Cahiers d'Art, ta buga hotunan siffofin ƙarfe da Pikaso ya yi tare da taimakon Julio González, mutumin Sifen, ɗan gidan maƙera. Smith bai ga siffofin da idonsa ba, bai taɓa su da hannu ba, a takarda kawai ya gan su. Duk da haka ya gane cewa aikin da ya koya a masana'antar motoci yana iya zama aikin fasaha. A 1933 ya haɗa siffofinsa na farko na walda, ya kuma sami wurin aiki a cikin wata maƙera ta bakin tashar jiragen ruwa ta Brooklyn, mai suna Terminal Iron Works, inda ya zauna tsakanin masu gyaran tukwanen jirgi. Ya ji daɗin zaman nan ƙwarai, har da ya koma gonarsa baki ɗaya a 1940 sai ya laƙaba wa sabuwar maƙerarsa wannan suna. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, ya yi aikin walda a Schenectady, inda ake haɗa tankokin yaƙi da kawunan jirgin ƙasa.

Da yaƙi ya ƙare sai aikinsa ya bunƙasa. Daga 1951 ya shiga tara tsofaffin kayan noma da manoman yankin suka yar, ya ƙera jerin siffofi da ya kira Agricola, wato manomi a harshen Latin. Daga baya ya yi wani jerin da murafun tankunan dafa ruwa. Ba ya ɓoye asalin ƙarfen. Mai kallo yana gane haƙorin garma ko bakin awartaki, amma kuma yana ganin wani abu tsaye mai kama da mutum.

To, a nan ne matsala ta taso. Gonar tana da nisa da Niyok, ƙarfe kuwa yana da nauyi, masu saye da masu rubutu a jaridu ba kullum suke hawa duwatsu su zo kallo ba. Wanda ya san cewa hoto ne ya koya masa hanya ba zai yi sakaci da hoto ba. Smith ya ɗauki na'urarsa ƙirar Rolleiflex, irin wadda ake riƙewa a ƙugu ana leƙa ta daga sama, ya riƙa fitar da siffofin waje yana ɗaukarsu da kansa. Dabararsa ita ce ya sauke na'urar ƙasa ƙasa, ya dubi siffar daga gindinta, ta yadda babu komi a bayanta sai sararin sama da layin duwatsu can nesa. Sau da yawa yana yanke gindin da aka ɗora ta a kai, kada ya fito cikin hoton. Ta haka abin da bai wuce tsayin yaro ba sai ya fito kamar ya kai bishiya, siraran sanduna kuma su zama kamar rubutun tawada a kan allo. A lokacin sanyi dusar ƙanƙara kan rufe filin fari fat, baƙin ƙarfe ya fito sarai. Siffa guda yakan ɗauke ta daga ɓangarori dabam dabam, har mutum ya rantse abubuwa biyu ne. Hotunan nan ne yake aika wa dillalai da mujallu, kuma da su ne mutane da yawa suka fara sanin aikinsa. Gaskiya dai hoton yakan ƙara wa siffar kwarjini, amma mai kaya ne ya zaɓi yadda za a ga kayansa.

A 1962 aka gayyace shi Italiya domin bikin fasaha na garin Spoleto. Aka buɗe masa wata masana'antar ƙarfe da aka daina aiki da ita a Voltri, kusa da birnin Jenowa, aka ba shi ma'aikata, aka bar masa duk abin da ke ciki. Ana sa ran siffa ɗaya ko biyu. Da ya ga tulin awartakai da ƙafafun amalanke da guntayen faranti a yashe, sai ya ƙera siffofi 27 cikin kwana 30. Aka jera yawancinsu a kan matakalan tsohon dandalin wasa na Rumawa da ke Spoleto. Mai ɗaukar hoto Ugo Mulas ya bi shi cikin masana'antar, ya ɗauke shi yana aiki. Ragowar kayan ma bai bar su ba, an yi masa lodinsu a jirgin ruwa zuwa Amurka, ya ci gaba da ƙira da su a gida.

A shekarunsa na ƙarshe yana zaune kusan shi kaɗai, aurensa na biyu ya mutu, ƴaƴansa mata biyu sai hutu suke zuwa. Ya jera siffofi gommai sahu sahu a filayen gonar, a cikinsu har da jerin Cubi, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda yake gogewa da inji domin ya kama hasken rana. A watan Fabrairu na 1965 shugaba Johnson ya naɗa shi cikin majalisar fasaha ta ƙasa. Ranar 23 ga watan Mayu na wannan shekara motarsa ta kife kusa da Bennington, a jihar Vermont, ya rasu yana da shekara 59.

Wasiyyai uku ya bari a kan dukiyarsa, cikinsu da Clement Greenberg, shahararren mai sharhin fasaha, wanda tun da daɗewa ba ya ganin fenti ya dace da aikin Smith. Sannu a hankali siffofin suka bar gonar. Wurin ajiya na Storm King shi kaɗai ya sayi 13. A 1974 wata malama, Rosalind Krauss, ta buga maƙala a mujallar Art in America, ta jera hotunan da Dan Budnik ya ɗauka a gonar, na lokacin da Smith yake raye da na bayan rasuwarsa. Sai ga shi siffofin da maƙerin ya bari da farin fenti, waɗansu an kankare su, waɗansu an bar su ruwa da rana sun cinye fentin. Greenberg bai musanta ba. Hujjarsa ita ce farin nan shafen fari ne kawai, aikin da ajali ya katse. Masu suka kuwa suka tsaya a kan cewa wasiyyi ba shi da ikon gyara abin da mamaci ya bari, kuma ba domin an ajiye hotunan ba, da babu mai iya nuna siffar da aka taɓa da wadda ba a taɓa ba.