Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bangaskiyar da Rashi Bai Karya Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, da yawa daga cikinmu mun san sunan Bishop Crowther tun muna makaranta. An koya mana cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a Ikkilisiyar Angalika. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yawan rashin da ya yi. Baƙin ciki ya same shi yana yaro, ya dawo masa yana tsakiyar aiki, ya kuma raka shi har bakin kabari. Ga waɗanda a cikinmu suka binne nasu, ko suka bar gida da gona ba da sonsu ba, rayuwarsa tana da abin da za ta koya mana.

An haife shi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, a ƙasar Yarabawa, aka raɗa masa suna Ajayi. A 1821 mahara, Fulani da Yarabawan Oyo, suka auka wa garin da safe suka sa masa wuta. Aka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, bai kuma sāke ganin mahaifinsa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar. Aka riƙa sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa tsoron a sayar da shi ga Turawa ya kai shi ga yunƙurin kashe kansa. Yaron da ya kai wannan matsayi, shi ne Allah ya keɓe domin aikin bishara a bakin kogin Kwara.

A watan Afrilu na 1822 aka loda shi a jirgin bayi na Fotugal a Legas. Jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kai bayin Freetown a ƙasar Saliyo. 'Yanci ne, amma 'yanci a baƙuwar ƙasa, ba uwa, ba dangi. A can ma'aikatan mishan na CMS suka karɓe shi, ya koyi karatu da sauri, aka yi masa baftisma a watan Disamba na 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1827 yana cikin ɗaliban farko na Kwalejin Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa. Mutum biyu da aka raba da danginsu suka kafa sabon gida.

A 1841 ya shiga tawagar da Ingila ta aiko kogin Kwara, tare da Schön, wanda ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka rubuta littattafan koyon Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in a wannan tafiya. Daga nan CMS ta gane cewa 'yan Afirka ne za su ɗauki bishara zuwa cikin ƙasarsu. Aka naɗa Crowther limamin ikkilisiya a Landan a 1843, aka tura shi ƙasar Yarabawa.

A Abeokuta, a shekarar 1846, ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Suka rungumi juna suna hawaye, magana ta ƙi fita. Ya sami ƙannensa mata su ma da rai. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma da suna Hannatu, kamar mahaifiyar annabi Sama'ila. Wannan wuri ne da yake tuna mana da Yusufu da Yakubu a ƙarshen Littafin Farawa. Da tatsuniya ce, nan za a rufe ta. Amma mu lura, Allah ya maido masa uwa, bai maido masa uba ba, bai kuma maido masa shekarun ƙuruciyar da aka ƙwace ba. Ta'aziyyar Ubangiji ba kullum take nufin a mayar mana da duk abin da muka rasa ba.

Aikin ya ci gaba. A 1854 ya bi Dakta Baikie suka hau kogin Binuwai. A 1857 aka buɗe tashar mishan a Anaca, a wannan shekara kuma jirginsu ya bugi dutse ya farfashe kusa da Jebba. Watannin da ya yi a maƙale a ƙasar Nufe bai ɓata su da gunaguni ba. Ya zauna yana koyon Nufanci, abin da daga baya ya haifi littattafan karatu a wannan harshe. A 1862 gobara ta cinye gidansa na Legas tare da takardun da ya yi shekaru yana tattara kalmomi da karin magana domin aikin fassara. Ya koma ya fara daga tushe. Kafin ya bar duniya, Yarabawa sun sami dukan Littafi Mai Tsarki a harshensu, shi ne kuma jigon wannan aiki.

Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Canterbury. Cikin taron har da hafsan jirgin da ya 'yanta shi shekara arba'in da biyu da suka wuce. Girman bai kare shi daga wahala ba. A 1867 wani basarake a yankin Ida ya tsare shi tare da ɗansa Dandeson yana neman fansa, jami'in Ingila da ya zo daga Lakwaja don ya kuɓutar da su kuma ya mutu da harbin kibiya mai dafi.

Akwai abin da ya kamata mu da muke zaune a Arewa mu duba da kyau. Waɗanda suka ƙone garinsu Musulmi ne, duk da haka Crowther bai mai da wannan dalilin ƙiyayya ba. Ya riƙa ziyartar Sarkin Bida Masaba da ladabi, yana ba sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana amsa tambayoyin malamai daga cikin Nassi ba tare da zagi ba. Amanar ta kai har wani Sarkin Bida na baya, Maliki, ya rubuto masa yana roƙo ya taimaka a hana shigo da barasa ƙasarsa. Bai ɓoye shaidarsa game da Yesu ba, bai kuma bar tsohon miki ya zaɓa masa kalmomi ba.

Gwaji mafi ɗaci ya zo ne da tsufa, daga cikin gida. Matarsa Susan ta rasu a 1880, bayan zaman aure na shekara hamsin, mahaifiyarsa ta bi bayanta a 1883. Sai ga waɗansu matasan mishan daga Ingila sun iso da zafin kai. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka yi kuskure a ƙarƙashinsa, an kuma san shi da sanyin hannu wajen horo. Amma matasan sun yi wa dukan aikin kuɗin goro. A taron da aka yi a Anaca a 1890 aka dakatar da ma'aikatansa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai fita daga ikkilisiya ba, bai kuma rama da baƙar magana ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014 Akbishop na Canterbury, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadamar ikkilisiya kan abin da aka yi masa.

Me za mu ɗauka daga nan? Na farko, bangaskiya ba ta hana rashi zuwa, ba kuma alamar raunin bangaskiya ba ce idan ya zo sau biyu ko sau uku. Na biyu, bayan kowace asara Crowther ya nemi aikin da ke gabansa ya kama: harshen da zai koya, shafin da zai sāke rubutawa. Na uku, raunin da ɗan'uwa mai bi ya yi mana ya fi na baƙo zafi, amma bai isa ya raba mu da Almasihu ba. Crowther ya mutu bai ji an wanke sunansa ba, ikkilisiyoyin da ya dasa daga Lakwaja zuwa bakin teku kuwa suna nan har yau.

In akwai gwauruwa a layinmu, ko maraya, ko iyalin da rikici ya koro, kada mu gaggauta gaya musu su daina kuka. Mu zauna tare da su, mu taimake su gano aikin da ke gabansu. Ubangiji ya ba mu zuciyar da baƙin ciki ba zai mai da ita dutse ba, cikin sunan Yesu. Amin.