Yohanna Gutenberg, Mutumin da Ya Fara Buga Littafi Mai Tsarki

Mai karatu, in ka buɗe Littafi Mai Tsarki naka yau, dubi baƙaƙen da ke ciki, yadda su ke daidai wa daida. Dā ba haka abin ya ke ba. Kafin zamanin mutumin da za mu ba da labarinsa, da hannu a ke rubuta littattafai a ƙasar Turai. Marubuci ya kan yi shekara guda ko fiye a kan Littafi Mai Tsarki ɗaya, saboda haka sai manyan majami'u da masu dukiya ke iya mallakarsa.

An haifi Yohanna Gutenberg wajen shekara ta 1400 a birnin Mainz, a bakin kogin Rhine, cikin ƙasar Jamus. Ya iya aikin ƙarfe. Ya yi zama a birnin Strasbourg, inda ya soma wani aiki a ɓoye tare da abokan tarayya, kafin 1448 kuwa ya komo garinsu.

Mutanen Sin da na Koriya sun riga shi buga littafi da baƙaƙe ɗai ɗai, amma a Turai shi ne na fari. Ga yadda dabararsa ta ke. Ya kan narkar da dalma da kuza da wani ƙarfe kaɗan, ya zuba cikin gurbi kamar yadda maƙerin fari ke zubi, sai baƙi ɗaya ya fito. Haka ya sami baƙaƙe dubbai. A kan jera su su zama kalmomi, a shafa musu tawada, a danna takarda a kansu da injin katako irin na matse 'ya'yan inabi. Tawadar ma da mai ya haɗa ta, gama ta ruwa ba ta kama ƙarfe. In an gama buga shafi, sai a warware baƙaƙen a jera wani.

Aikin ya ci kuɗi ƙwarai. A 1450 ya ci bashin kuɗin zinariya 800 wurin wani attajiri, Yohanna Fust, bayan shekara biyu ya ƙara wani 800. Wajen 1455 aka gama buga Littafi Mai Tsarki cikin harshen Latin, yawancin shafofinsa layi 42 ne. An buga wajen guda 180, waɗansu a takarda, waɗansu a fata. Fiye da 40 sun wanzu har zamaninmu.

Amma a shekaran nan Fust ya kai shi ƙara domin bashin. Shari'a ta kā da Gutenberg, kayan aikin suka koma hannun Fust da Bitrus Schoeffer, suka ci gaba da buga littattafai da sunansu. A 1465 babban bishop na Mainz ya sa a riƙa ba shi tufafi da hatsi da ruwan inabi kowace shekara. Ya rasu a watan Fabrairu 1468. Majami'ar da aka binne shi an rushe ta daga baya, kabarinsa ya ɓace. Ko a cikin Littafin da ya buga babu sunansa.

Duk da haka aikin ya bazu. Kafin 1500 akwai maɗaba'a a garuruwan Turai fiye da 200. Ta wurinta Sabon Alkawari na Martin Luther ya shiga gidajen Jamusawa a 1522, ta wurinta kuma muka sami dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

'Yan'uwa, shi ya ci bashi, ya yi hasara, mu muka ci riba. Mai bishara a ƙauye da malamin makarantar Lahadi, wanda ba a ambaton sunansa, kada ya karai, gama Ubangiji ya san ma'aikatansa. Mu kuwa da Littafin ya zo hannunmu da araha, kada mu bar shi cikin akwati gara ta ci. Mu karanta shi kowace rana, mu koya wa maƙwabcinmu karatu domin shi ma ya karanta da kansa.